Ɗorawa Mai Maƙoƙo

Tun da maigidana Malam Maiwada ya ajiye aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ta Gaya, kunnena bai sake hutawa ba. Sauran maza in sun yi ritaya, sai su sayi tumaki su ɗaure, ko su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna gyara ƙasa da fatar baki. Nawa kuwa Kano ya tafi, ya dawo mana Kademi da wani tsohon inji a bayan a-kori-kura, irin wanda masu yin ƙafafun gado ke aiki da shi. Ana ɗaura masa guntun itace, ya riƙa juya shi kamar mazari, mutum ya kanga kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, a jiki, itacen na ferewa. Ya girke shi a zaure, ya haɗa da janareto, ya ce akushi zai riƙa yi.

Na ce, "Malam, wa ke cin tuwo a akushi yanzu? Ko wanda na zo da shi gidan nan ai kaji ke shan ruwa a ciki."

Ya ce ban gane ba, wannan ba irin wancan ba ne. A waya ya ga wasu mutane suna yanko ƙululun da ke fitowa a jikin bishiya, su juya shi a inji, sai ka ga zane ya fito a cikin itacen wanda ba hannu ya yi ba. Daga ranar ya daina kallon bishiya kamar kowa, sai dai irin kallon da mahauci ke yi wa rago. Akushinsa na farko da darbejiya ya yi shi, muka zuba tuwo, ɗaci ya hana mu ci. Na kira kaji na ba su shi, ya zama akushinsu na biyu.

A gonarmu ta bayan gari akwai wata tsohuwar ɗorawa da kowa ke kira Mai Maƙoƙo, saboda wani ƙululu da ya fito mata daidai kafaɗar mutum, girmansa ya kai tulu. Gonar ta Malam ce, amma bishiyar ba tasa ba ce. Lokacin da aka raba gadon mahaifinsu, yayarsa Hansai ta ce ita da ke aure a Gafasa, can ƙasar Ajingi, me za ta yi da kunya uku na gona? Ta bar wa ƙanenta ya noma, ta ce ɗorawar kawai take so. A gaban mai unguwa aka yi, kowa ya shaida. Shi ke da ƙasa da abin da ya shuka, ita ke da bishiya, daga saiwa har ganye.

Saboda bishiyar nan ne duk shekara in ɗorawa ta nuna Yaya Hansai ke zuwa ta sauka a gidanmu. A kaɗo mata, ta sussuke, ta fitar da gari, ta wanke kalwar da za ta yi daddawa da ita. Ba zan yi ƙarya ba, zuwan nan nata ba ya yi mini daɗi. Tana shigowa za ta buɗe tukunyata ta ce gishiri ya yi yawa, ta sauya wa randa wuri, ta tuna mini cewa a nan mahaifiyarsu ke ajiye turmi. Nakan yi haƙuri ne kawai, ina jiran buhunta ya cika. Amma ko ni na san matar nan mijinta ya rasu, tana zaune a hannun ɗanta da matarsa, kuma in ka ɗauke ɗorawar ba ta da ko tsinke da za ta nuna ta ce nata ne a garin ubanta.

Bayan an gama kaka, wata ranar da hantsi, sai ga Malam da Badaru mai injin yankan itace sun shigo zaure suna nishi, suna gangaro da wani abu. Ina leƙawa na gane shi, don na fi shekara talatin ina wuce shi a hanyar gona.

Na ce, "Malam, ka tambayi Yaya?"

Ya ce, "Ai cuta ce a jikin bishiyar, Hure. Taimakonta na yi, kamar yadda likita ke yi wa mutum aiki."

Na ce, "Likita ma ai sai ya tambayi dangin mara lafiya."

Ya ce, "A gonata take."

Na ce, "A gonarka take, ta waye?"

Sai ya sunkuya yana kankare ƙasa daga ɓawon, Badaru kuma ya tuna yana da aiki a wani wuri. Na koma cikin gida raina a ɓace, don na san in magana ta tashi, dangin miji ba za su ce shi ya yi ba, za su ce ina zaune aka yi.

Washegari ya rage wa ƙululun kunnuwa da gatari, ya ɗaura shi a inji. Da ya tayar, sai injin ya kama rawa, saboda gefe ɗaya ya fi nauyi, har zauren na girgiza, ƙasa na zubowa daga azara. Ya kashe, ya ɗora wa ƙafafun injin buhunan gero, ya sake tayarwa a hankali. Da farko kurfin na dukan itacen yana tsalle, kaf, kaf, kaf, can sai ƙarar ta daidaita, fere-feren itace suka riƙa fita dogo-dogo suna sauka a gemunsa. Ɗanyen itacen ɗorawa wari gare shi, har madafa nake jin sa. Ya rarake cikin, ya bar bakin da kauri, ya ce in aka sirantar da shi yanzu zai tsage. Ya cusa shi a buhu tare da fere-feren, ya tura ƙarƙashin gado, wai a nan zai bushe a hankali. Muka yi makonni muna kwana da warin nan.

Da ya fito da shi ya ɗan karkace, sai ya mayar da shi inji ya daidaita, ya sirantar, ya goge, ya shafe shi da man gyaɗa. Ya kira ni in gani. Na zo da niyyar in yi tsaki in wuce, sai na tsaya. Cikin akushin nan zane ne ke bin zane, ja da ruwan zuma, yana murɗewa kamar kunu in an dama, ga wasu ƙananan idanu baƙaƙe birjik. Na shafa, santsi kamar kumatun jariri. Haushi ya kama ni da ya yi kyau haka, don da ya yi muni da na sami abin faɗa.

To amma kafin akushi ya bushe, bishiya ta fara nuna abin da aka yi mata. Wurin yankan ya yi faɗin faifai, fari fat, ƙaro na tsiyaya daga gefensa har ƙasa. Ganyen ya yi rawaya, ya zube. Malam ya ce ai duk ɗorawa na zubar da ganye da rani, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai wannan ta riga 'yan'uwanta, ta kuma zube tas, ko ɗaya bai rage ba. Masu zuwa cin kasuwar Ajingi kuwa ba sa tafiya da hatsi kaɗai, da labari suke tafiya. Yaya Hansai da ba ta ƙetare Juma'a ba ta sa ɗanta ya kira mu a waya ba, sai muka ji shiru. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Da faɗa ta aiko da shi da ya fi mana sauƙi.

Na ce masa, "Ka shirya mu je Gafasa. Kunyar nan gara mu kai ta da ƙafarmu."

Ya naɗe akushin a sabon zane, ya ɗaure a gaban babur, na hau baya. Muka same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta sa surukarta ta kawo ruwa, ta tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Malam, mutumin da ya yi shekaru yana ba ma'aikata umarni, ya durƙusa gabanta ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya kwance zanen ya tura mata.

Ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Ga abin da ya fito daga ciki. Naki ne."

Ta ɗauka ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, don ganinta ya fara rauni. Ta shafa cikinsa da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta mayar da shi kan zanen, ta tura masa.

Ta ce, "Ya yi kyau, Maiwada. Ɗauki abinka."

Ya ce, "Don Allah, Yaya."

Ta ce, "In na karɓa, gobe bishiya ta mutu, sai a ce ai an ba ta akushi ta karɓa, magana ta ƙare. Ni ban sayar ba, ban kuma yi musaya ba."

Ya ce zai riƙa saya mata kalwa duk shekara, ko buhu nawa take so. Nan ne na ga ranta ya ɓaci, ta ajiye faifan waken a gefe.

Ta ce, "Kalwa ce babu a kasuwar Ajingi? Kai har yanzu yaro ne, furfurar banza ce. In na tashi zuwa Kademi, ɗana ya ce ina za ki, Inna, nakan ce zan je ɗorawata. Ba mai hana ni, ba mai ce mini yaushe za ki dawo. In na shiga gidanku, wurin abina na zo. To in ta mutu, in zo in ce me? Na zo gaisuwa? Mai gaisuwa ai wuni ɗaya yake yi, a ba shi fura ya kama hanya."

Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ko ba haka ba, Hure?"

Na sunkuyar da kai. Wallahi kunya ta kama ni, tausayinta kuma ya kama ni, don duk shekarun nan ina ganin kalwa take zuwa ɗauka. Muka yi sallama, ta rako mu har ƙofa, muka dawo da akushinmu.

Daga ranar Malam ya koma ɗan jinyar bishiya. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin yankan, ya naɗe da buhu. Kullum da safe sai ya ɗaura jarkoki a babur ya kai mata ruwa, bishiyar da ta girmi ubansa, wadda saiwarta Allah kaɗai ya san inda ta kai. Mutanen gari suka sami abin dariya, in ya wuce majalisa sai a ce, "Malam, ya mai jiki?" Shi kuwa sai ya amsa da gaske, ya ce da sauƙi. Ya rufe injinsa da tsohuwar tabarma, bai sake tayar da shi ba. Ni da nake roƙon Allah ya raba ni da ƙarar nan, sai na ji gidan ya yi mini shiru da yawa.

Sanyi ya fara ja baya, ɗorawar mutane ta yi sabon ganye, ta saki furanninta jajaye masu lilo kamar tuntun hula. Ta gonar Da'u maƙwabcinmu ta yi, ta bakin hanya ta yi, har wata ƙarama da ba a taɓa lissafi da ita ba ta yi. Mai Maƙoƙo na tsaye a tsakiyarsu tsirara. Wata rana Malam ya dawo ya sauke jarkokin da ruwansu a ciki, ya jingine su a bango. Bai sake bin hanyar gonar ba, ko masallacin da ke wajen ya daina zuwa. Abinci ma sai na tsaya a kansa yake ci.

Ana nan sai Badaru ya yi sallama. Ina jin su ta bayan ƙofar zaure, yana cewa ya hango bishiyar, ta riga ta tafi, gara a kayar da ita tun gara ba ta shiga ba, a sami katako da itacen girki. Na tsaya ina jiran amsa.

Malam ya ce, "Ba tawa ba ce, Badaru. Ko busasshen reshe ba zan taɓa ba sai mai ita ta zo ta ce."

Na ce a raina, ai da tun farko ka san haka da yanzu muna zaune lafiya. Ya ɗauki waya ya kira ɗan Yaya Hansai, ya ce a gaya mata ta zo ta ga bishiyarta ta yanke hukunci. Ba ta zo a makon ba, ba ta zo a na gaba ba. Sai da muka fara cire rai, sannan wata safiya ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gida. Ba ta zo da ƙullin kayanta ba, ba ta zo da buhu ba, daga ita sai mayafi. Ta shiga ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa, ko tukunyata ba ta kalla ba. Ban taɓa zaton rashin faɗanta zai dame ni ba, amma ya dame ni sosai.

Ta ce, "Mu je in gan ta, in kama hanya kafin rana ta yi."

Muka fita mu uku, ita a gaba, ni a tsakiya, Malam a baya yana jan ƙafa. Tun daga nesa na hango rassan, ba ganye, kamar yadda aka faɗa. Ta isa gindin, ta ɗaga buhun da aka naɗe, ta dubi lakar da ta tsattsage, ta dafa jikin bishiyar da hannu biyu. Malam ya tsaya can gefe yana kallon takalminsa.

Can ta ce, "Ku yi shiru."

Ba wanda ke magana dama. Ta karkata kai, ta ce, "Hure, kunnena ne, ko ke ma kina ji?"

Na kasa kunne. Wani gunji ne siriri daga sama, irin na ƙudan zuma. Na ja da baya, na kare rana da hannu, na zagaya ta ɓangaren gabas, wanda ba a gani daga hanya. Can ƙololuwa, a kan wasu rassa biyu, ga furanni jajaye suna lilo, ba su da yawa, ƙudan zuma na kewaye su. A ƙasa da su kuma ga wasu ƙanana da ba su buɗe ba, sun sauko a dogayen silla, ga tohon ganye jajaja a bakin rassan. Duk wanda ya zo yana kallon ciwon ba zai gan su ba, sai ya ɗaga kai.

Na ce, "Yaya, ta yi fure."

Ta ce, "Kar ki yi mini wasa."

Na ce, "Wallahi ta yi. Malam, zo ka gani."

Ya zo da sauri har yana tuntuɓe da kunyar gona. Ya ɗaga kai, ya cire hula don ta daina tare masa, ya yi ta kallo baki buɗe. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, yana ta alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa. Ni ma na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san na ɗauke shi haka ba. Yaya Hansai ba ta iya hango su, sai ta sa na riƙa nuna mata da hannunta, ina cewa ga wani nan, ga wani can. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce bana ba za ta cika ko rabin buhu ba.

Malam ya ce, "Baɗi za ta cika, in sha Allahu."

Ta ce, "In ka bar ta ta kai baɗin."

A hanyar dawowa ita ke ta magana. Ta ce a cire buhun nan, yana tara tururuwa. Ta ce Da'u ya ci mana iyaka da taki guda kuma Malam na kallo. Ta ce gobe a aika Gafasa a kawo mata kayanta, don ba za ta koma yau ba, ƙafarta na ciwo. Ban taɓa jin daɗin surutun mutum kamar na ranar ba. Muna shiga gida na ɗora tukunya, na sa aka yanka zakara ba tare da na tambayi kowa ba.

Da na zo zuba mata tuwo a kwanon silba, sai ta ce, "Ina abin nan?"

Malam ya miƙe tun kafin ta rufe baki, ya ɗauko shi daga saman sif, yana nan a naɗe a zanensa. Na wanke, na zuba tuwon dawa da miyar kuka, na ajiye a gabanta. Ta ci a hankali, tana ci zanen itacen na fitowa daga ƙarƙashin tuwon, har ta side shi tas. Shi kuwa yana zaune a kan turmi yana kallonta kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

Ta yi kwanakinta, muka sha faɗa yadda muka saba. Ran da za ta koma, Malam ya ce shi zai kai ta da kansa. Ya ɗaure ƙullin kayanta a babur, ya ɗauko akushin ya naɗe, zai ɗora a sama. Ta riƙe hannunsa.

Ta ce, "Ina za ka kai mini shi?"

Ya ce, "Gafasa mana, Yaya. Ko har yanzu ba ki karɓa ba?"

Ta ce, "Na karɓa. Nawa ne, shi ya sa zai zauna a gidan ubana." Ta zare shi daga hannunsa ta miƙo mini. "Hure, ki kife mini shi a ɗakin da nake sauka. Kar wanda ya ci a ciki sai na zo."

Na karɓa da hannu biyu, na ce to, Yaya. Malam ya juya mana baya, ya sunkuya kamar yana gyara wani abu a jikin babur, ya daɗe yana gyarawa.